Takalmin da Ya Shiga Lungu Sau Biyu

Ihun Safwan ne ya katse cin abincin. Daga wani lungu da ya ratse gefen babban tsagin dutsen muryar ta fito, bangaye suna maimaita ta: "Ku zo! Baba Iddrisu ya faɗi!"

Tafiyar hutun Disamba ce. Iyalai ne daga Manchester da Birmingham, waɗanda suka saba haɗuwa a wajen suna da biki, suka haɗa kai suka tafi hamadar kudancin Jordan. An zaɓi wannan tsagin ne don sauƙinsa. Babu hawa babu gangara, rairayi ne a shimfiɗe tsakanin dogayen bangaye biyu na jan dutse, sai ɗan ruwa iya idon sawu da ake tsallakawa a wuri ɗaya. Wani wajen in ka buɗe hannuwanka za ka taɓa bangon nan biyu. Yara na tsere, tsofaffi na tafe a hankali. Inda tsagin ya ɗan buɗe aka shimfiɗa dardumai, aka yi salla rukuni-rukuni, aka buɗe kuloli.

Rabi'a Ashafa ce ta fara isa bakin lungun. Physio ce, mai gashin ƙashi da gaɓoɓi, a wani asibiti a Manchester, a ƙarshen mako kuma tana cikin 'yan sa-kai masu neman waɗanda suka ɓace a tsaunukan Peak District, inda ta ƙware a bin sawu. Kallo ɗaya ta yi wa rairayin mai danshi, ta buɗe hannu ta tare mutane.

"Ku bi jikin bangon hagu. Kada wanda ya taka tsakiya."

A can ƙarshen lungun akwai wata 'yar gangara mai tsawon mutum. A ƙasanta Alhaji Iddrisu yake kwance, tsohon direban bas daga unguwar Balsall Heath ta Birmingham, kansa na jini, wuyan rigarsa a yage. Safwan na durƙushe a kansa ya danne raunin da hularsa. Yana numfashi, amma bai san inda yake ba.

Sai da aka ɗauke shi Rabi'a ta koma ta ɗauki hotunan sawun, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta gama ba ta ji mutum a bayanta. Abdul-Majeed ne, ɗan Alhaji Iddrisu. Ya dubi rairayin, ya dubi ƙafar Safwan.

"Wannan takalminka ne," in ji shi. "Ga shi ya shiga tare da Baba, ya fito shi kaɗai. Ga shi ya sake shiga. Na farko ka tura shi, na biyu ka zo ka yi mana ihu."

"Wallahi sau ɗaya na shigo!"

Kowa ya ji cacar bakin da aka yi da safe a bakin mota, lokacin da Safwan, wanda shi ya shirya tafiyar, ya ce Baba Iddrisu ya zauna a mota saboda ciwon sukarinsa, tsohon kuma ya ce yaron da aka haifa jiya ba zai mai da shi kaya ba.

* * *

'Yan sandan can sun rubuta cewa tsautsayi ne, tsoho ya zame. Jama'a ba su rubuta haka ba. An dawo da Alhaji Iddrisu wani asibiti a Birmingham. Ya farfaɗo, amma harshensa ya yi nauyi, kuma bai tuna komai ba tun daga tsallaken ruwa.

Kafin wata ya zagayo, zumuncin shekara da shekaru ya tsage biyu. Mutanen Birmingham, yawancinsu 'yan asalin Kumasi da Tamale, suka ce 'yan Manchester na kare nasu don ɗan manya ne. 'Yan Manchester suka daina ɗaga waya. Aka fara maganar kai ƙara jami'ar da Safwan ke shekarar ƙarshe a karatun haɗa magunguna.

Rabi'a ta same shi a flat ɗinsu a unguwar Old Trafford, labule a sauke da rana tsaka. Ya rame.

"Anti, ko masallaci na daina zuwa. In na shiga sahu sai in ga an matsa."

"Bar wannan tukuna. Faɗa mini labarin takalminka. A ina ka cire shi?"

"Gefen dardumar maza, da zan yi alwala. Bayan salla na tafi bakin ruwa da yara, ƙafa ba takalmi. Da na dawo aka ce ba a ga Baba ba, na saka na tafi nema."

"Inda ka ajiye shi ka same shi?"

Ya sunkuyar da kai yana tunani. "A'a. Yana ɗaya gefen. Na ɗauka yara ne suka shure shi." Ya ɗago kai. "Kuma ni in na cire takalmi, cusa igiyar nake yi a ciki. Na same ta a waje, duk rairayi. Anti, cikinsa da ɗumi. A wannan sanyin."

Rabi'a ta juyo masa da wayarta, ta faɗaɗa hoto. A gefen kowane sawu na shigar farko akwai wasu siraran layuka masu lanƙwasa, kamar an ja zare a kan gari.

"Igiya ce take jan ƙasa. Wanda ya fara shiga bai ɗaure ba. Diddigensa yana zamewa a ciki, ƙafarsa ba ta kai taka ba. Takunsa gajere ne, ƙafar dama tana buɗewa waje. Na biyu kuma a ɗaure yake, taku dogo, mai gudu. Wannan kai ne."

"To ki gaya musu mana!"

"In gaya musu wani ne ba kai ba, su ce na ƙirƙiro aljani don in wanke ɗan garinmu? Sai na zo da mai ƙafar. Ba ni takalmin."

* * *

Ta fara da wanda ya fi kusa. Dokta Nazir, likita ne mai shekaru cikin waɗanda aka yi tafiyar da su, yana ɗingishi da ƙafar dama, kuma sandarsa ce aka tsinta kusa da Alhaji Iddrisu. Tun a jirgi Rabi'a take juya wannan a ranta.

Ya karɓe ta a falonsa bai ɓata rai ba. "Na san za ki zo. Sandar aro na ba shi a wajen ruwa, na ga yana tangaɗi. Matata shaida ce."

"Likita, ka yi haƙuri, ko za ka gwada wannan?"

Ya yi dariya ya zura ƙafa. Rabin tafin ne kawai ya shiga. Ƙafarsa ta fi ta Safwan girma nesa ba kusa ba.

"Na fita ke nan?" ya tambaya.

"Ka fita. Amma taimaka mini. Me zai sa mutum ya bar takalminsa ya saka na wani?"

"Haba Rabi'a, kamar ba a bakin masallaci kika girma ba. Wanda ya fi kusa shi ake zurawa a je a dawo. Balle ranar, duk wanda ya zo da takalmin fata ya jiƙe a ruwan nan. Mun jera su a kan wani dutse inda rana ta ɗan leƙo. Nawa na ciki, da na mutum huɗu ko biyar."

"Su wa da wa?"

"Takalma na gani, ban ga masu su ba."

* * *

Ranar Asabar ta kama hanyar Birmingham cikin yayyafi. Hajiya Asmawu, matar Alhaji Iddrisu, ta buɗe mata ƙofa a Balsall Heath, ta tsaya a tsakiya ba ta matsa ba.

"In roƙo aka aiko ki, koma."

"Hajiya, ba wanda ya aiko ni. Ni na riƙe kan Baba har aka sa shi a mota. Ina so in san wanda ya bar shi a wurin nan yana zubar da jini. In Safwan ne, da bakina zan faɗa a gaban kowa."

Hajiya Asmawu ta daɗe tana kallonta, sannan ta ba ta hanya.

Sun zauna a kicin. Rabi'a ta tambaya ko akwai abin da ke damun Baba kafin tafiyar.

"Akwai. Ya daina barci sosai. A masauki, daren da za mu fita, ya ce mini akwai maganar da zai kashe kafin mu dawo, ko da za a daina gaisawa. Na ce da wa? Ya ce in bari, ba sirrinsa ba ne."

"Kafin ya taɓa yin faɗa da Safwan ke nan."

Hajiya ta ɗan yi turus. "Kafin nan ne."

"Da wa yake yawan magana a 'yan kwanakin?"

"Ƙanwarsa Wasilatu. Ta zo nan sau biyu, suka rufe ƙofa. Ita ya riƙe tun tana yarinya, shi ya kawo ta ƙasar nan. Mijinta Sadique kuwa, Allah ya saka masa. Kullum yana asibiti. Shi ne ma ya ce kada mu yi sanyi, mu kai yaron nan ƙara makarantarsu."

* * *

Shagon Alhaji Sadique na kan Stratford Road a Sparkbrook, doya da manja da busasshen kifi har bakin ƙofa. Mutum ne gajere mai fara'a. Ya fito daga bayan kanta da hannu biyu a buɗe.

"'Yar Manchester! Hau sama, antinki na nan. Ina zuwa."

Wasilatu ta kawo shayi. Da hannun hagu ta ɗauki butar, hannun dama na manne da haƙarƙarinta. Da za ta zauna sai da ta riƙe numfashi. Rabi'a ta ga irin wannan zaman a wajen aiki fiye da yadda za ta so.

"Anti Wasila, yaushe kika ji ciwo a nan?"

"Faɗuwa na yi a banɗaki."

"Wannan sabo ne. Na wuyan hannun kuma ya daɗe."

Wasilatu ta ja hannun rigarta ta rufe. A lokacin aka ji taku a matakala, ɗaya mai nauyi ɗaya mai sauƙi. Sadique ya shigo da leda cike da kayan tsaraba. Rabi'a ba ta dubi fuskarsa ba, ƙasa take kallo. Daga ƙofa zuwa kujera, ƙafar damansa tana buɗewa waje, takunta gajere.

"Alhaji, gwiwar nan tana damunka."

"Kai, idon ma'aikatan asibiti! Tsohon ciwo ne, ƙwallo a Kumasi. Ke kaɗai kika taɓa lura." Ya zauna yana murmushi. "Yaya yaron naku? Ni fa ba na son a ɓata masa rayuwa. Ya fito ya amsa laifinsa kawai, sai mu roƙi iyali."

"Ranar, a ina ka yi salla, Alhaji?"

"Rukunin farko. Daga nan na kishingiɗa, takalmina na shanya. Ina zan je da ƙafa ba takalmi?"

Aka kira shi daga shago, ya sauka. Rabi'a ta matso kusa da Wasilatu ta rage murya.

"Baba ya sani, ko?"

Hawaye ya zubo wa matar ba tare da fuskarta ta motsa ba. "Ya ce in mun dawo zai zo ya ɗauke ni. Na roƙe shi kada ya yi wa maigidana magana." Ta dubi ƙofa. "Na ga lokacin da Yaya ya yafito shi. Ban ga inda suka bi ba. Da ya dawo shi kaɗai, ya zauna kusa da ni ya ce in na buɗe baki, nawa ya fi na Yaya muni."

"Anti, saurare ni. Zan tara mutane. Maganar rairayi kawai zan yi, ita ce tawa. Abin da ke tsakaninki da shi naki ne, ba zan taɓa shi ba sai kin so. Amma ko kin yi magana ko ba ki yi ba, motata na waje ranar, kuma akwai ɗaki a gidana."

* * *

Dokta Nazir da Hajiya Asmawu ne suka kira taron, a wani zaure da ake haya a Balsall Heath, bayan azahar ranar Lahadi. 'Yan Manchester suka zauna gefe ɗaya, 'yan Birmingham ɗaya gefen. Safwan na can baya kusa da mahaifiyarsa. Abdul-Majeed ya ƙi zama, ya jingina da bango ya harɗe hannuwa.

A tsakiyar zauren Rabi'a ta shimfiɗa doguwar leda, ta zazzage buhunan yashin gini, ta yayyafa ruwa ta baje shi da katako. Ta ajiye takalmin Safwan a bakinsa. Sannan ta haska hoton sawun a bango.

"Abdul-Majeed ya yi gaskiya," ta ce. "Takalmin nan sau biyu ya shiga lungun. Abin da ya rage shi ne ƙafar wa ke ciki. Ku dubi waɗannan layukan. Igiya ce a kwance. Ku dubi ƙafar dama, yadda ta karkace. Takalmi ana aronsa, tafiya ba a aronta. Ina roƙon duk namijin da ya je, ya zura shi kada ya ɗaure, ya taka yashin nan zuwa ƙarshe."

Aka fara gunaguni. Wani ya ce wasan yara ne.

"Ni zan fara," in ji Abdul-Majeed. Ya zura, ya taka da ƙarfi har ƙarshe. Sawunsa miƙe sar. Rabi'a ta bari kowa ya gani, ta shafe.

Safwan ya taka. Igiya ta ja layi, amma ƙafafun a miƙe, taku dogo, diddige bai zame ba. Abdul-Majeed ya dubi yashin, ya dubi bango, ya sake duban yashin. Hannuwansa suka sauka.

Maza suka riƙa bi ɗaya bayan ɗaya. Wasu takalmin bai shige su ba. Wasu sun taka, babu wanda ya yi kama. Zauren ya yi tsit, sai ƙarar katakon Rabi'a tana shafe yashi.

"Saura Alhaji Sadique."

"Ni?" Ya yi dariya yana duban mutane. "Surukina ne fa a kwance. Ni da nake kwana a asibiti? Wannan cin mutunci ne."

"Kawu, kowa ya taka," in ji Abdul-Majeed. "Har ni ɗansa."

Sadique ya tashi a hankali. Ya zura ƙafa, diddigensa ya yi iyo a ciki. Takun farko ya miƙar da ƙafar dama da ƙarfin hali, na biyu ma haka, fuskarsa ta yamutse. A na uku gwiwar ta ƙi. Ƙafar ta buɗe waje, takun ya gajarce, igiya ta lanƙwasa a gefensa. Haka ya tafi har ƙarshen ledar, don tsayawa ta fi ci gaba muni.

Rabi'a ta matsa gefe don hasken hoton ya sauka daidai saman yashin. Hajiya Asmawu ta taso ta tsaya a kai, ta daɗe.

"Sadique," ta ce. "Kai?"

"Ban tura shi ba!" Muryarsa ta fashe. "Shi ya kira ni. Shi ya ci kwalata, na fizge, na riƙe tasa, ya ja baya ya faɗa. Tsautsayi ne!"

"Sai ka kira mutane?" Rabi'a ta tambaya.

Sadique ya kau da kai.

"Sawunka ya nuna ka tsaya a bakin gangarar, ƙafa biyu a haɗe. Ka leƙa ka gan shi. Sannan ka fito da tafiya, ba da gudu ba. Ka ajiye takalmin yaro, ka zauna ka ci abinci."

Abdul-Majeed ya yi kukan kura ya yi kan Sadique. Safwan ne ya riga kowa, ya rungume Abdul-Majeed ta baya ya riƙe gam. "Kada ka taɓa shi! In ka taɓa shi kai za a kama, Baba na buƙatarka." Suka yi ta kokawa har Abdul-Majeed ya saki jiki, ya kifa kai a kafaɗar wanda ya yi wata guda yana zagi.

"Maganar gida ce," Sadique ke faɗi yana juyawa ko'ina. "Saɓani ne na gida, a bar mu mu sasanta. Wasila, gaya musu."

Wasilatu ta miƙe daga cikin mata, hannunta a haƙarƙari. Muryarta ta kai har ƙarshen zauren.

"Zan gaya musu. Yaya ya kira shi ne saboda ni. Shekara da shekaru yana dukana. Wannan haƙarƙarin, bayan mun dawo ya karya shi, don in tuna in yi shiru." Ta dubi matan da ke kewaye da ita. "Wasunku sun gani, kun ce in yi haƙuri. Na yi. Ga inda ya kai Yaya."

Babu wanda ya iya haɗa ido da ita. Dokta Nazir ya tashi ya tsaya a bakin ƙofa, wasu maza biyu 'yan Birmingham suka tsaya tare da shi, ya ciro waya don kiran 'yan sanda.

Hajiya Asmawu ta ratsa zauren zuwa gefen 'yan Manchester, ta tsaya gaban mahaifiyar Safwan, ta kama hannuwanta biyu. Ɗayar ta jawo ta ta zaunar kusa da ita.

* * *

A waje yayyafi ya tsaya. Rabi'a ta buɗe wa Wasilatu ƙofar gaba, ta taimaka mata ta zauna, ta ja mata bel a hankali don kada ya danne ciwon.

"In kin gaji, mu wuce Manchester kai tsaye. Sauran ya jira gobe."

"A'a." Wasilatu ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙe zaune. "Kai ni wurin 'yan sanda tukuna, yau, tun bakina na buɗe. Daga nan asibiti. Ina so Yaya ya ji daga gare ni cewa na fito."

Rabi'a ta tada mota.